Hotuna Talatin da Shida na Yaya Mamman

Tun da Allah ya halicci ɗan Adam ya haɗa shi da mantuwa, makamai uku kawai ya ba shi na kare kai: hadda, alƙalami, da fim ɗin hoto. Hadda tana bin mai ita kabari. Alƙalami yana rubuta abin da mai shi ya ga dama. Fim kuwa shaida ne da ba a saye, domin hasken da ya taɓa fuskar mutum shi ne da kansa yake shiga ya kwanta a jikinsa, ya zauna nan ko bayan an binne fuskar. Wannan huɗuba na shekara talatin ina yi wa ɗalibai da abokai, ba tare da kowa ya roƙe ni ba.

To, tun da na dawo daga Maraɗi 'yan majalisarmu ta bayan la'asar sun hana ni sakat. Malam Lawal yaya hanya, Malam Lawal ina hotunan. Na gaji da cewa "sai godiya". Ga labarin a rubuce, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Yayana Mamman manomi ne a wani ƙauye na yankin Gangara. Uwa ɗaya uba ɗaya muke. Shi aka bar wa fartanya, ni aka tura boko, kuma har ya bar duniya yana ganin shi aka yi wa gata. Bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Da aka zo rajistar zaɓe ya ji sai an ɗauki fuska, sai ya ce ya yafe wa gwamnati ƙuri'arsa. Da kakar bara ne 'yarsa Rakiya, tana da tsohon ciki, ta tsare shi da magiya har ya sassauto.

"Na waya dai a'a," in ji shi. "Yau a ɗauke ka Gangara, gobe kana aljihun wani ƙato a Legas. Amma wanga akwati na Lawal, tunda shi ba ya yawo da mutum, shi ɗauka. Sau guda."

Akwatin da yake nufi tsohuwar kyamarata ce, ƙarfe zalla, ba batir ba allo, wadda na saya a hannun wani Ba'indiye malamin lissafi da zai koma gida. Ta yi shekaru a ƙasan adaka, sai da na yi ritaya wani tsohon ɗalibina ya aiko min da fim baƙi-da-fari guda ɗaya daga kudu. Shi na sa mata ranar. Yaya ya sa rigar Juma'arsa, ya tsaya gaban rumbu, ga dammunan gero a bayansa, ya haɗe rai kamar wanda aka kira kotu. "Sau guda" ta zama sau da yawa. A wajen na ashirin wata akuya ta fizgi zangarniya daga dami, ya juya ya yi dariya, na danna. Na san wannan ne hoton. Da ƙidayar kyamara ta nuna talatin da shida, adadin da aka rubuta a kwalin, sai na tsaya cak, kamar yadda nake ajiye alli da jin ƙararrawa.

Bayan mako uku suka zo a kan babura, suka same shi a gona yana roron wake. Ba zan ba da wannan labarin ba. Kowa a ƙasar nan yana da irinsa. Ƙauyen ya watse. Rakiya da mijinta suka kama ɗaki a Jibiya, can ta haifi namiji, aka sa masa sunan kakan.

Ban sake taɓa kyamarar ba. Shekarun baya na taɓa naɗe wani fim ya tsinke min a ciki, don haka na rantse wannan hannun gwani ne zai fitar da shi, cikin duhu. Sai dai ina gwanin? Masu hoton Katsina suka dube ni kamar na zo neman wanda zai yi wa raƙumi takalmi. A Kano aka ce in ba direba ya kai Legas. Ban ga yadda zan miƙa yayana a jefa shi ƙarƙashin kujera tare da saƙon barkono ba. Daga ƙarshe wani direban hanyar Maraɗi ya ce ya san wani tsoho can, Sha'aibu, da har yanzu yake da ruwan wankin fim.

Na tashi da bazara, da hantsi, domin yanzu ba mai hankalin da yake sammako a hanyar Jibiya. Sai rana ta fito ta ga kowa. Mu tara ne a motar da aka ƙera don mutum biyar. Daga Katsina ana ta hira, farashin masara, rashin wuta, wane ya ci amanar wane. Da muka kai wani wuri da dajin ya matso bakin titi, hirar ta mutu da kanta ba wanda ya kashe ta. Direba ya rage rediyo ya ƙara wuta. Ba ka jin komai sai leɓɓa suna motsi. A ajin da na fi tsanani ban taɓa samun shiru irin wannan ba. Muna wucewa wani ya yi tari, aka koma kan masara.

Kusa da ni wata 'yar kasuwa ce Bamaraɗiya, Hajiya Zuwaira, mai safarar atamfa da robobi. Ta ga yadda na rungume jaka a ƙirji.

"Malam, jariri ne ko zinariya?"

Na gaya mata. Ba ta ce komai ba sai "Allah shi jiƙan musulmi", amma daga nan ta janye ƙullin kayanta daga kan gwiwata, wanda a motar haya babbar karramawa ce.

A Jibiya na roƙi direba ya jira ni in leƙa Rakiya. Ɗaki ɗaya ne a bayan kasuwar hatsi, su shida a ciki. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta kawo ruwa, idonta yana kan jakar.

"Baffa, yana ciki?"

"Yana ciki."

"Wanda ya yi dariyar nan nake so. Kada a kawo wa yaron nan mai ɗaure fuska, ya ɗauka haka kakansa yake." Ta gyara goyo. "Wallahi Baffa fuskar ta fara ɓace min. In na rufe ido sai in ga rigar da hular, tsakiyar babu."

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, haske ba ya mantuwa. Haka na ce, da bakina.

Game da iyaka, mutane suna tambayata ko a buɗe take. Ranar dai ko a buɗe take, ko a rufe take ana wucewa. Ban sami wanda ya tabbatar min ba. Manyan motoci sun yi layi, direbobinsu sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashi kamar waɗanda suka tare. Babura kuwa, kowanne da jarkoki takwas ko buhu uku, suna bi ta gefe cikin yashi, a gaban idon kowa, ba wanda ya gan su. Hausa ake yi a wannan gefe, Hausa a wancan. Bambancin kawai, namu masu kaki suna fara tambaya da tsawa su ƙare da wasa, nasu suna farawa da gaisuwa su ƙare da zazzage maka jaka.

A wani shinge bayan mun tsallaka aka ce kowa ya sauko. Rana tana tsaka. Wani mai kaki, saurayi siriri da bai fi sa'ar ɗana na uku ba, ya warware tawul ɗin da na naɗe kyamarar.

"Baba, mi ne ne wanga?"

"Kyamara ce."

"Kunna mu gani."

"Ba a kunna ta."

Ya juya bayanta yana neman allo, ya sami baƙar fata. Ya dube ni.

Sai an san al'adar shingen za a gane halin da yake ciki. A kwanakin nan duk mai ɗaukar hoto abin zargi ne, don ana cewa masu kai wa 'yan bindiga rahoto da hoto suke aiki. Saboda haka akan karɓi wayarka a duba. In an ga shinge ko gada ko mai kaki, a sa ka goge a gabansu, ka wuce. Kowa ya saba. Ni kuwa na zo da na'urar da ba a ganin abin da ke cikinta, ba a kuma goge shi. A wurin mai tsaro wannan ba tsohon yayi ba ne, sabon makirci ne.

Da na yi shiru na bar Hajiya ta yi magana, da an wuce wurin. Amma malami ne ni, an kuma yi min tambaya. Na gyara tsayuwa na shiga bayani: yadda haske yake shiga ta ido, yadda yake kwanciya a kan fim, yadda fim ba ya son ganin rana sai an wanke shi. Don darasi ya zauna, har na nuna da yatsa.

"Ka ga wannan maɓallin na sama? Da za a ja shi, bayan zai buɗe, komai ya ƙone."

Shekara talatin ina koyarwa, ban taɓa samun ɗalibin da ya aikata darasi nan take kamar wannan ba. Ya ja. Murfin ya ɗaga kamar faɗin yatsa biyu. Ban san lokacin da na yi ƙara na damƙe hannayensa da nawa na maida shi ba. Na ji ƙarar ƙarfe a bayana, irin wadda ba a so a ji, sai ga Hajiya ta shiga tsakani da mayafinta a kafaɗa.

"Kai ɗan nan! Mamaci ne a ciki! Wanshi ne anka kashe a gona, hotonshi ke nan guda a duniya, shi za ya kai a wanke ma ɗiyar. Mi ka aikata haka?"

Saurayin ya saki kyamarar.

"Ban sani ba, Baba. Allah shi gafarta mishi. Mu ma an kashe muna."

Ya ɗebo ruwa a moɗa ya miƙo min. Na ƙi karɓa. Ina so a rubuta wannan: na ƙi karɓa. Daga nan har Maraɗi ina tsine masa a zuci, cikin tsararriyar Hausa, har da misalai.

Hajiya ce ta sauke ni a zauren ƙanen mijinta, kusa da kasuwa. Mutanen kirki ne. Sukan tambaye ka "yaya Nijeriya?" da muryar da ake tambayar mai jiki, kai ma in ka tambayi tasu ƙasar sai su ce da sauƙi, da muryar da majinyaci yake faɗa. Aka kawo dambu da zogale da ƙuli, wanda ya fi namu mai, da burodinsu dogo kamar sandar makiyayi, mai ɓawon da sai da na tuna ina da haƙori mai motsi. Shayi kuwa sau uku ake zuba shi a 'yan kofuna kamar na awon magani, kuma tashi kafin na uku rashin tarbiyya ne. Da azahar gari yakan rufe ɗungurungum, kowa ya kwanta. Mu a gida muna barcin rana a ɓoye muna kiransa aiki. Su sun fito fili sun ba shi lokaci.

Da yamma aka raka ni wurin Sha'aibu. Tsoho ne ƙanƙani, ido ɗaya ya yi fari, yana gyaran rediyo a wata rumfa. A da shi ke ɗaukar hoton katin shaida da akwatin katako mai ƙafa uku. Ya saurari labarina bai katse ni ba, har da na mai kaki, wanda na ƙawata.

"Faɗin yatsa biyu, ka ce? Kuma ka rufe da sauri?" Ya jinjina kai. "Fim naɗe yake kamar tabarma. Na waje shi ka ƙonewa, na ciki kan tsira. Na nawa kake so?"

"Na wajen ashirin."

"Ana iya samu. Ka zo bayan asuba. Ruwan ba ya son zafi."

Ya ƙara da cewa takardar buga hoto ta ƙare masa tuntuni; in an wanke, akwai wani shago mai na'urar da take kwafe fim ta zuba a waya, daga nan a buga. Wato duk wannan tafiya, ƙarshenta dai Yaya aljihun wani ƙato zai shiga. Na ce a raina zan nemi gafararsa in mun haɗu.

Gari na wayewa ina ƙofarsa. Ɗakin wankin wata 'yar ƙuryar ɗaki ce ta ƙasa, an toshe tagar da laka, an rataya barguna biyu a ƙofa. Ya jera kwalabe uku, ya ɗebo ruwan tulu ya jefa ƙanƙara, yana tsoma ma'aunin zafi yana cirewa har ya gamsu. Sannan ya ce in zauna a kan turmi, kada in motsa, ya saki bargo. Duhun da ban taɓa gani ba, in ana ganin duhu.

Na ji ya ja maɓallin. Na ji murfin ya buɗe. Sai shiru. Ba shirun mai aiki ba, shirun wanda ya tsaya.

"Malam."

"Na'am."

"Ka naɗe shi ne kahin ka taho?"

"A'a. Ban taɓa shi ba tun ranar."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan. Lafiya?"

"Bari dai ruwa shi yi magana," in ji shi. "Ku malamman lakkwal, 'yan boko, ba ku yarda sai kun gani a rubuce."

Na ji ƙarar almakashi, da sautin fim yana hawa kan faifai, da murfin gwangwanin wanki. Ya ɗaga bargo, haske ya shigo. Ya zuba ruwan farko. Ba ya duba agogo. Carbi yake ja, istigfari ɗari ya juya gwangwanin, wani ɗari ya sake juyawa. Ya ce haka maigidansa ya koya masa, in hoto bai fito ba ka dai sami lada. Ban yi dariya ba, shi ma bai yi ba. Ya zubar, ya zuba na biyu, ya zuba na uku mai warin tsami, ya ɗauraye sau da yawa. Duk wannan lokaci bai dube ni ba.

Muka fito tsakar gida. Ya kama bakin fim ɗin ya sake shi ya warware har ƙasa, ya ɗaga shi saitin sama.

Ta cikinsa na ga reshen darbejiya. Na ga tsuntsu ya wuce. Fari tas, kamar ledar da ba a taɓa sa komai a ciki ba, in ban da ɗan guntu a baki ɗaya, tsawon tafin hannu, baƙi ƙirin.

"Ya kashe ni," na ce. "Yaron nan ya kashe ni."

"Zauna, Malam."

Na zauna.

"Kai ka karantar da haske, ni wanke shi kawai nike. Fim in ya ga rana, wane launi shika yi?"

Amsar tana cikin darasin da na yi a shinge.

"Baƙi," na ce.

"To ga baƙin." Ya kama guntun da yatsa biyu. "Wanga kaɗai ya ga rana, kuma tun ranar da ka sa shi ya gan ta. Yaron bai ɓata maka komi ba. Sauran duk yana cikin ɗan gwangwanin da ya zo ciki, bai taɓa fitowa ba. Harshen fim ɗin bai kama haƙorin kyamarar ba. Kana ja, ƙidaya tana tahiya, fim yana zaune."

Ya ɗauko kyamarar ya nuna min abin da na sani tun kafin a haifi mai kakin: in fim ya kama, duk jan da ka yi, maɓallin naɗewa na hagu yakan juya shi ma. Kallo ɗaya ya isa. Sau talatin da shida ina ja ban kalla ba, ina can ina gyara wa Yaya hula. Ya ce da ma na ƙara ja ɗaya bayan talatin da shida, da na ji bai tsaya ba, da na gane, alhali mutumin yana tsaye a gabana da rigarsa.

"Amma ka tsaya inda kwali ya ce," in ji shi. "Haƙuri. Ni ma na taɓa yi, ranar auren wani kwamanda. Kwana ukku na yi a ɓoye."

Ya ƙi karɓar ko sisi. Ya shanya fim ɗin a igiya tare da wanki, ya bushe, ya naɗe min a takarda.

Da dawowa na duba shingen, ba saurayin nan a ciki. Na so in sha ruwansa.

Daga Maraɗi zuwa Jibiya ina ɗauke da labari biyu. Na farko ya fi sauƙi, ga shaidu mota guda, kuma babu wanda zai yi musu in an ce mai kaki ya yi ɓarna. Shi na fara ba Rakiya. Na kai daidai inda murfin ya ɗaga, sai ta dafe ƙirji.

"Allah ya isa tsakanina da—"

"Tsaya," na ce. "Kada ki ƙarasa."

Ba tsoron Allah ne kaɗai ya sa ni ba. Allah-ya-isa ba ta ɓatan hanya. Ta san gidan mai laifi. Na ba ta labari na biyu, tun daga harshen da bai kama ba. Na yi shi a taƙaice, karo na farko a rayuwata.

Yaron ya farka, ta juyo da shi ta ba shi nono. Daga waje ana ta sauke buhuna.

"Amma ya tsaya a gabanta, Baffa? Ranar?"

"Ya tsaya."

"Har ya yi dariyar."

"Ya yi."

"To ba ni."

Na ce mata babu komai a jiki. Ta ce ta ji. Ta karɓa da hannu biyu, ta naɗe a ƙyalle, ta sa a cikin kwallar da take ajiye kayan haihuwa, ta rufe. Sannan ta tashi ta dama min fura, don ta ce hanya da nisa, kuma gara in wuce dajin nan kafin la'asar.

Ku 'yan majalisa da kuke nan ranar da na dawo, labari na farko na ba ku, kuka taya ni zagin bawan Allah har magariba. Sai kowa ya janye nasa.

Masu tambayar hotuna kuma, suna Jibiya, bayan kasuwar hatsi, cikin kwalla. Na duba fim ɗin da tabarau kafin in miƙa. A gefensa akwai sunan kamfani, da lambobi daga ɗaya zuwa talatin da shida.